Lokacin da Na Zama Surukar Yayana

Zazzaɓi ne ya fara kama yayana, a daminar da muka koma Mubi bayan gudun hijira. Ciwon kai, amai, sai wata safiya ya gan ni a tsakar gida ya cire takalmi ya durƙusa. Ni da ya saba yi wa ranƙwashi, wai ni ce surukarsa. Ko abinci ba ya ci a gabana. Mama kuwa bai gane ta ba, matarsa ma korar ta yake yi, yana cewa akwai mutane cikin buhun gyaɗa suna kiran sa.

Kowa ya zama likita. Kawu ya ce iska ya kwaso a gonarmu ta Vimtim, maƙwabciyarmu ta kawo matan cocinsu suka yi addu'a, wasu suka ce firgitar gudun hijira ce. Na ce wane aljani ne yake zuwa da zafin jiki da jijjiga? Asibiti za mu.

Matsalar hanya ce. Lokacin, a kowane shingen sojoji sai an sauka daga mota an wuce da ƙafa, hannu sama. Namiji mai sambatu da fizge-fizge, kafin mu yi bayani an harbe shi. Mama ta yafa mini babban mayafinta, ta ce tunda ni kaɗai yake jin kunya, in riƙe matsayina.

A shingen farko ya fara zare ido yana hangen daji. Na yi muryar tsofaffi.

"Ɗan nan, a gabana za ka yi gudu? Ɗaga hannu ka biyo ni."

"To, Inna," ya ce, ya biyo ni kai a ƙasa. Har sojan ya yaba ladabinsa.

A asibitin Yola likita ya ɗebi ruwa daga gadon bayansa, ya ce ƙwayar bairos ce ta shiga ƙwaƙwalwarsa ta kumbura ta, ita ta kawo ruɗewar. Aka yi makonni ana sa masa magani ta jijiya, da na jijjiga, da na kwantar da sambatu. Ni kuwa na more surukuta. Da umarnina yake shan magani, da umarnina yake wanka, har haƙuri na sa ya ba ni kan ranƙwashin baya.

Wata rana da hantsi ya dube ni, ya dubi mayafin.

"Ke mai ƙaton kai, wa ya ba ki mayafin Mama? Tashi ki samo mini kunu."

Mama ta fashe da kuka tana dariya, wata mai jinya ta rangaɗa guɗa. Na ce sai ya durƙusa tukuna. Ya miƙo hannun da ba allura ya ranƙwashe ni. Ba ƙarfi ko kaɗan, sai na sunkuyar da kai ya ƙara.