Haddar Ƙamus

Sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'a, sau biyu Turanci yana kayar da ni. Na uku shi ne na ƙarshe. A zauren gidanmu a Roni aka yanke haka, kuma Baffa, yayan Baba, shi ya faɗa: in na sake faɗuwa zan koma Babura wurin Gwaggo in koyi ɗinki, a rufe maganar jami'a. Ban raina ɗinki ba. Ni dai aikin asibiti nake so tun ina aji ɗaya.

Ciwona ba ɓoyayye ba ne, kalmomi ne ban sani ba. A makarantarmu da Hausa ake koyar da Turanci. In aka ba ni labari a jarrabawa, sai in karanta in fito kamar wadda ta ratsa kasuwar mutanen da ba ta jin yarensu.

Baba ya ce shi zai gyara abin. Manomi ne, mahaddacin Alƙur'ani, bokonsa bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, amma yana karanta Hausa tsaf. Bayan an gama girbi ya je Kazaure ya dawo da ƙamus na Turanci da Hausa, ya yi masa bango da takardar buhun siminti.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kama sunana. Ya ce, "Uwata, duk Turancin yana cikin nan?"

"Haka aka ce, Baba."

Ya auna kaurin littafin da yatsu biyu. "Ai bai kai izu sittin ba."

Washegari muka fara, yadda aka koya masa karatu. Bayan sallar asuba ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya riƙe ƙamus da tsinke a hannu, ni kuma ina durƙushe a gabansa ina biyawa. Daga harafin A, shafin farko, kalma ta farko. In faɗi Turancin, in faɗi Hausarsa, shi yana bi da tsinke. Bai san ko na furta daidai ba, amma in na tsallake kalma ɗaya sai ya ɗaga tsinken ya yi shiru har in koma. Ba a ƙari sai na jiya ya zauna. Bayan la'asar kuma tishi, tun daga farko. Ga ma'anonin kalmomin farko: yasarwa, lafawa, mayanka, gajartawa, murabus, ciki, sace mutum. Haka suke jere, ba abin da ya haɗa wannan da wancan sai maƙwabtaka a kan takarda.

Kuma na iya. Wannan ne abin haushin. A Islamiyya ni ce ta ɗaya a hadda, kaina yana kama abu kamar danƙo. Inna takan tsaya da muciya a hannu tana saurare. Maƙwabta suka fara cewa 'yar gidan Malam tana haddace Turanci. Baba ya daina zuwa majalisarsu bayan la'asar saboda ni.

Amma yawan shafuka yawan tishi. Da muka shiga C, rabin yini yake ci kafin in iso inda na tsaya.

A bayan gidanmu akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke haya, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Wata rana na kai mata saƙon Inna na tarar tana cin ƙosai. Ta ce ta ji labari, in zo ta gwada ni. Ta baje guntun jaridar da aka ƙunso ƙosan, ta ɗora farce a kan wata kalma mai farawa da C.

Na san ta. Wallahi na san ta, har na san a shafin hagu take, wajen ƙasa. Na rufe ido na kama daga saman shafin ina gangarowa, leɓena yana motsi. Sai da na wuce kalmomi sun fi ashirin na iso ta, na faɗi ma'anarta.

Sista ta yi dariya har ta ƙware. Sannan ta daina.

"Ƙanwata, a ɗakin jarrabawa wa zai jira ki ki gangaro? To, karanta mini layin gaba ɗaya, me yake cewa?"

Na karanta. Ban san me yake cewa ba.

Ta ba ni littafin tsofaffin tambayoyi da 'yan littattafan labari uku. Ta ce in riƙa karantawa, in na ci karo da kalma sai in neme ta a ƙamus, don haka aka yi shi.

Na gaya wa Baba, kuma ban iya kwana-kwana ba. Na ce Sista ta ce aikin banza muke yi.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Allah ya saka mata. Amma uwata, hanyar da ta riƙe Littafin Allah a ƙirjin mutane, wasali bai ɓace ba, ita ce za ta kasa riƙe maganar Bature?"

Me zan ce? Duk wanda ya san amsar wannan ya zo ya faɗa masa a gaban idonsa.

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Na buɗe littattafan Sista kwana biyu. Kowane layi yana nuna mini ni jahila ce. Ƙamus kuwa kullum da safe yana nuna mini ni haziƙa ce, ga Baba yana cewa madalla. Na tura littattafan ƙarƙashin katifa na koma gindin darbejiya. Ni na zaɓa.

Ranar jarrabawa, cikin zafin bazara, muna ƙarshen D. Baba ya kai ni Kazaure a kan babur, ya zauna a inuwar katanga tare da sauran iyaye. A ciki kwamfuta ce, da agogo a kusurwar allonta yana cin lokaci. Tambayoyin Turanci suka fito: zaɓi kalmar da ta fi kusa da wannan, zaɓi kishiyar waccan. In kalma ta fara da A zuwa D sai in tsaya in kama gangara. Mai gadin jarrabawa ya zo sau biyu ya ce in rufe bakina. In ta fara da wani harafin, sai in dube ta ta dube ni. Da na ɗaga kai na ga abin da ya rage a agogo, sauran darussa ukun da na iya ko taɓa su ban yi ba. Na riƙa danna amsa ba tare da na karanta tambaya ba, har allon ya rufe kansa.

Sakamako ya zo ta waya bayan 'yan kwanaki. Makin bai kai ko na bara ba.

Na samu Baba a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu, na durƙusa na faɗa masa. Ya ce, "Laifina ne, mun makara da farawa. Harafi huɗu kawai kika shiga da su. Zan je in ba Yaya haƙuri ya ƙara mana shekara. Gobe sai mu ɗora daga E."

A rayuwarsa bai taɓa mayar wa Baffa magana ba. Yanzu zai je ya durƙusa saboda ni, don mu sake shekara guda a kan tabarmar nan.

Na ce, "Baba, ko na haddace shi har bangon baya ba zan ci ba. Ba haka ake yi ba. Na sani tun ranar da Sista ta faɗa, na yi shiru don ina jin daɗin madallarka."

Ya dube ni. Hannunsa na kan igiyar, bai motsa ba.

"To a bar ni in je wurin Yaya, ki yi irin na Sistar."

"Kar ka je. Na gaji."

Da gaske nake, kuma ya gane. Ranar Asabar ya ɗaure jakata a bayan babur. Daga Roni har Babura ba wanda ya yi magana, sai sau ɗaya da ya tambaya ko ina jin ƙishi. A ƙofar shagon Gwaggo ya sauke jakar, ya gaisa da ita a tsaye, ya ce rana tana yi, ya juya.