Wace Tamanin da Huɗu?

Ban taɓa shiga aji ba, amma littafin waƙoƙin coci yana kaina. A da, a faɗi lamba kawai, kafin masu karatu su gama lasar yatsa suna neman shafi, ni na ɗaga waƙar. Haka na shekara da shekaru a zumuntar mata a Kafanchan, ina gaba, mai kiɗan tulu tana bayana. Da yara suka kawo kibod na kiɗa da majigi, suna haska waƙoƙin Turanci a bango, kowace Lahadi sabuwa, ido kawai na sa musu. Na san ranar jana'iza ni za a nema.

Ina da ƙawa, gonar cittarta tana jikin tawa, ita ta yi makaranta. Da ciwo ya kwantar da ita na je dubiya, ta riƙe hannuna.

"Ranar da za a sa ni a ƙasa, ke za ki ɗaga. Tamanin da huɗu. Ki yi mini alkawari."

"Na yi. Ke dai sha kununki, mai shirin tafiya ba ta wannan surutu."

Bayan sati biyu ta tafi.

A ƙauyensu aka binne ta, wajen Zangon Kataf. Fasto ya gama addu'a ya dube ni. Na ce, "Tamanin da huɗu," na ja numfashi, na ɗaga waƙar komawa gida wurin Ubangiji, a hankali, yadda aka koya mana. Jama'a suka buɗe littafi suka kama wata dabam: waƙar godiyar kaka, mai sauri, wadda ake shiga coci da ita ɗauke da damin dawa. Mai kibod ya bi su. Na ƙara murya, suka ƙara. Mai tulu ta rasa wa za ta bi, ta kife tafinta a bakin tulun.

Na harari mai kibod. Ya sunkuyo.

"Mama, sabon bugun littafin ne fa. An daɗe da canza lambobi."

"Wa ya canza? Da izinin wa?"

"Ni dai abin da ke takarda na buga, Mama."

Ashe shekarun nan ba wanda ya kira lamba a gabana. A zumunta ni ke ɗagawa a bi ni, ran Lahadi kuma bango ake kallo.

Da aka watse na ja babbar 'yar marigayiyar gefe.

"Wane littafi uwarki take riƙewa?"

"Duka biyu, Mama. Tsohon a ƙarƙashin filo, sabon a jakar coci."

"To wanne take nufi?"

"Oho. Amma kin san ta da waƙar kaka. Ita ke fara fita rawa."

Gaskiya ne, na sha hararar ta a kan haka. Amma mutum ya zaɓi waƙar girbi don bakin kabari? Ita kam za ta iya. Ko kuwa ta tuna ni tsohon littafi kaɗai na sani, ta ba ni lambar da zan gane? Kwana shida ina juya maganar, tuwo ba ya shiga.

Ran na bakwai na hau babur na koma ni kaɗai. Na tsaya a kan kabarin na yi tawa har ƙarshe. Sannan na yi waƙar kakar, duk baitocinta, ina tafi da kaina.

"To, 'yar boko, ga su nan," na ce. "Ki ɗauki taki. Da kin buɗe baki kin rera mini ko layi ɗaya, da ba mu kai ga haka ba."