Baƙon da Ke Bencin Baya

A wata ƙaramar majami'a a Sabon Tasha, jama'a sun sunkuyar da kai suna roƙon Ubangiji ya nuna musu ko za su ba iyalan da aka koro daga ƙauyukansu masauki a ɗakunan makarantar Lahadi. Mama Bilhatu, shugabar zumuntar mata, ta kasa rufe ido saboda wani dattijo da ke bencin baya.

Ba ta taɓa ganinsa ba. Dogo ne mai furfura, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, takalminsa duk laka. Ko amin ba ya cewa. Idanunsa na yawo tsakanin ƙofa da taga, ya ƙanƙame wata jaka a cinya. Aiko shi aka yi ya leƙo su? Ko kuwa wanda ya taɓa gudun ceton rai ne?

Ta lallaɓa kusa da shi. "Baba, wa kake nema?"

"Ba kowa, Mama. Matata da jikokina suna bakin titi. Jira nake in ji abin da Allah zai gaya muku."

Fasto ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Bilhatu ba ta gama yarda da mutumin ba, amma ta ɗaga nata.