Kaboyin da Na Buga a Sanaiya

Aikina a Doha buga talla ne. Shagonmu yana Sanaiya, unguwar masana'antu, tsakanin wani garejin manyan motoci da masu walda, muna buga allunan shaguna da tutocin leda da takardun da ake liƙa wa motoci. Daga Jos na zo da takardar gyaran na'ura, amma shekara biyu a gaban injin buga hoto suka sa na ɗauki kaina masanin zuciyar ɗan Adam. Na san jan launi ya fi tsayar da mai wucewa, na san hoton kaza tana ɗigar mai ya fi sunan mai gidan abinci aiki. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji wannan karatu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ranar Juma'a ce hutunmu. Mu mu dawo daga coci, 'yan'uwa Musulmi su sauko daga masallaci, sai mu haɗu a wani shagon karak, shayin madara mai kauri, kusa da masaukinmu, duk mai jin Hausa ya jawo kujera. A nan na san wani dattijo mutumin Zangon Kumasi, wanda kowa ke ce wa Baba. Shi ba a Sanaiya yake ba. Yana aiki a wani ƙaramin kulob na hawan doki can gaba da Ain Khaled, shekararsa goma sha ɗaya yana share barga, yana wanke dawaki, yana goge sirdin wasu. Motar haya biyu yake hawa don ya zo ya sha shayi da Hausa. Hausar tasa ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji. Mutum ne marar yawan magana, kuma ko ya yi wanka sau uku sai ka ji ƙanshin ciyawa a jikinsa.

A lokacin nan wani direban bas ɗin kamfani, mutumin Kaduna, ya kawo mana rodiyo a wayarsa. Wasan kaboyin Amurka ne: a buɗe ƙofa, doki ko bijimi ya fito yana tutsu kamar an zuba masa barkono, mutum yana bisa da hannu ɗaya a sama, ana so ya yi sakan takwas bai faɗo ba. Nan da nan wasan ya cinye shagon. Mutum goma sha wani abu su haɗa kai a kan waya guda, shayi yana hucewa, ana ihu ana salati, har mai shagon, ɗan Indiya da ba ya jin ko sannu, yakan bar tukunya ya leƙo. Ni kuwa sai in gyara zama in yi musu bayani: wannan wasa ba ya bukatar mai talla, shi yake tallar kansa. Ga ƙura, ga hula, ga kiɗa, ga mutumin da kowa ya san ƙasa zai sha. Ko kakata a ƙauye aka nuna wa, ba sai an gaya mata wanda ya ci ba.

Wasan su Baba kuma, wato tsallaken shinge da doki, na san shi ta takarda, don wani lokaci akan kawo mana aikin tallarsa. Fara fat takardar take zuwa, rubutu ƙanana kamar na kwalin magani, da hoton wani cikin baƙar kwat yana kallon gefe. Ka rantse roƙonka ake kada ka zo. Sau da yawa shiga kyauta ce, amma ban taɓa jin wani a Sanaiya ya ce zai je ba.

Direba ba ya barin Baba ya huta. Yakan miƙa masa wayar ya ce, "Baba, duba hawa na maza. Naku fa? Mutum ya sa kwat kamar zai je banki, doki ya tsallake sanda, a tafa sau biyu a tashi."

Baba yakan duba na ɗan lokaci ya mayar. "Wannan ba hawa ba ne," in ji shi. "Faɗuwa ne ake jinkirtawa."

A yi dariya, a koma kan kaboyi.

Wata Juma'a cikin sanyi, da aka watse, Baba ya riƙe ni a bakin shago. Ya ce mako mai zuwa kulob ɗinsu zai yi 'yar gasa ta cikin gida, kuma an ware zagaye ɗaya na ma'aikatan barga, shinge takwas marasa tsawo. Mai horar da mahaya, wata Baturiya, tana neman mutum ɗaya da zai riƙa motsa dawaki kowace safiya, ta ce wanda ya yi zagaye mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya, shi za ta ɗauka. Wato a ajiye shebur a hau sirdi. Su biyu ne ke da rabo a ciki, shi da wani abokin aikinsa ɗan Nepal. Ashe duk shekarun nan Baba yana koyon hawa a ɓarauniyar hanya, in an ba shi doki ya mayar barga.

"Ƙanena, ka zo da mutum biyu ko uku," ya ce. "Ka ɗauka mini a waya in aika wa uwargida. Har yau shi yana tsammani kashin doki kawai nike kwashewa."

Na ce, "Baba, an gama." Abin ya taɓa ni ƙwarai, kuma nan ne na ɓata shi. A hanyar komawa ɗaki na ce wa kaina, mutum ya jira shekara goma sha ɗaya, sannan a kawo masa 'yan kallo uku? Ni da nake cika gidan abinci da hoton kaza? Sai dai na san mutanena. In na rubuta tsallaken shinge, ko direba ba zai tashi daga barcin rana ba.

Ran Lahadi da maigidan shago ya fita, na zauna gaban kwamfuta. Na samo hoton doki ya miƙe a kan ƙafa biyu, na ƙara ƙura, na zuba ja da ruwan ɗorawa, na ɗora wa mahayin hular kaboyi. Fuskar Baba kuwa na ciro ta daga wani hoto da muka ɗauka ranar Sallah, yana murmushi, na liƙa a ƙarƙashin hular. A sama na rubuta da manyan baƙaƙe: BABA DA DOKI, WA ZAI KAYAR DA WANI? A ƙasa na sa: shiga kyauta, bas kyauta. Gaskiya ta yi kyau. Har yau in na tuna, kafin kunya ta zo sai na ɗan ji daɗin aikin.

Ban nuna wa Baba ba. Na ce ba-zata zan yi masa.

Kafin Laraba hoton ya zaga wayoyin Sanaiya. Direba ya nemi izinin bas, aka ba shi. Ranar Juma'a da la'asar sai ga mota cike, mutum wajen arba'in: makanikai, masu walda, masu gadi, har da wasu ma'aikatan jinya mata biyu 'yan cocinmu da muka ɗauka a Al Thumama. Wani ya zo da bokitin fenti da sanduna biyu, wani da kakakin roba da ya rage masa tun lokacin gasar ƙwallo. Direba ya sayo hular kaboyi, ban san a ina ba, tana yi masa yawa. "Yalla, yalla," yake ta cewa da Larabci, wato mu je, muna tafe ana kiɗa bokiti. Ina gaba kusa da shi, ina jin kaina wani babba.

Da muka shiga kulob ɗin jikina ya fara gaya mini wani abu. Filin yashi ne a share, an jera shinge masu launi da tukwanen furanni. 'Yan kallo ba su fi ashirin ba, iyayen yara ne da 'yan kofunan gahawa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin jiran likita. Wata yarinya tana zagaye a kan farin doki, ba ka jin komai sai kofato. Mutanena suka zauna suka cika benci uku, suna waige-waige.

Direba ya sunkuyo ya ce, "Ina bijiman?"

Na ce, "Sai an jima."

Ɗan Nepal ya fara shiga. Ya tsallake takwas ɗinsa sumul, bai taɓa sanda ba, aka tafa masa sau biyu kamar yadda direba ya saba faɗa. Sannan aka buɗe wa Baba. Da ƙyar na gane shi. Ya ari kwat da ta ɗan matse shi a kafaɗa, da baƙar hular kwano, yana zaune a miƙe bisa wani jan doki, kai ka ce a can aka haife shi. Ya ɗaga ido ya ga benci uku cike da fuskokin shagon shayi. Na ga bakinsa ya buɗe kaɗan. Kafin ya rufe aka kaɗa ƙararrawa, ya juya doki ya nufi shingen farko.

Nan Sanaiya ta yi abin da na gayyato ta ta yi. Bokiti ya ɗauka, kakaki ya tsage, mutum arba'in suka miƙe suna kiran Baba. Dokin yana dab da tashi ya toge, ya watsa yashi, ya zille gefe. Baba ya tafi kan wuyansa, ƙafa ɗaya ta fita daga likkafa, ya rungume geza ya dawo da ƙyar. Mutanena kuwa suka ƙara ihu, su a ganinsu wasa ya fara kyau.

Mai horarwa ta juyo daga bakin fili ta dube mu. Ta ɗora yatsa a leɓe. Wani ma'aikacin barga ya rugo yana cewa, "Khalas, khalas," wato ya isa haka, ya gaya mini cikin Turancinsa cewa ƙin tsallake na farko maki huɗu ne na laifi, in dokin ya sake ƙi an fitar da Baba ke nan. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na fizge kakakin, na taka bokitin da ƙafa, na bi benci-benci ina roƙo. "Don Allah ku zauna. Ƙarya na yi muku, babu kaboyi. Ku yi shiru, kada ku ja masa asarar aiki." Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ta taya ni da harara irin ta asibiti, wadda ta fi roƙona aiki. Direba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Baba ya shafa wuyan dokin, ya sunkuya ya gaya masa wata magana, ya zagayo a hankali. Wurin ya yi tsit. Sai ga shi muna jin abubuwan da ban san ana ji ba: numfashin doki, ƙarar fatar sirdi, da ɗan shirun da ke shiga tsakanin tashin kofato da saukarsa. A shinge na biyar ƙafar baya ta shafi sanda, sandar ta yi rawa a mazauninta, na ji mutum arba'in sun ja numfashi tare, ba wanda ya sake shi sai da ta tsaya. Mai walda da ke gefena ya damƙe mini hannu har ya yi zafi. Da Baba ya sauka bayan na takwas ba wanda ya san ko an yarda a tafa, sai da iyayen yaran suka fara muka bi.

A bas ba a yi kiɗa ba. Can direba ya ce, "Wannan abu ashe yana da wuya." Sai a lokacin na tuna ban ɗauki ko sakan ɗaya a waya ba, abu guda da aka roƙe ni. Allah ya taimake ni mai walda ya ɗauka da ɗaya hannun, daga shinge na biyu zuwa ƙarshe.

Aikin motsa dawaki ɗan Nepal aka ba, kuma ya cancanta. Shi ya yi zagaye mai tsabta, Baba yana da maki huɗu na laifi, kuma kowa ya san daga bencin da suka fito.

Juma'a biyu Baba bai zo shan shayi ba. A ta uku na fito daga coci na hau motocin nan biyu nasa, na same shi a barga da shebur, yana cika baro. Na gaishe shi, ya amsa bai daina aiki ba. Na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri. Ni na jawo." Na ciro wayata na nuna masa tallar, don gara ya gani a hannuna. Ya daɗe yana kallon kansa cikin hular kaboyi.

"Mutum uku na ce maka," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Uwargida ya ga bidiyon. Ya ce in gaya masa gaskiya, wai ni ne." Ya ɗan yi murmushi, ya mayar mini da wayar. "Da suka yi shiru ɗin nan, na ji su. Ban taɓa hawa wani nawa yana riƙe numfashi ba." Ya dubi layin ɗakunan dawakin da bai kai gare su ba. "Amma da ka bar mini shingen farko, ƙanena."

Akwai wani shebur jingine da bango, na tuɓe rigar cocina na rataye a ƙusa, na ɗauka. Bai hana ni ba. Ya nuna mini ɗaki na gaba ya ce in fara daga lungu, kuma in yi a hankali, jan dokin yana ciki.