Rigar Mijin Yaya da Lissafin Mainos

Yayata tela ce. Tun ina rarrafe nake jin ƙarar kekenta, a wani ɗan shago da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya sa karatunta ya tsaya a hanya. Ni nawa ba wanda ya tsayar, ni na sauka da ƙafata.

Da aka buɗe cibiyar koyar da sana'a a unguwarmu, sai aka ce ana neman malamar ɗinki. Hannu kam Yaya tana da shi, amma sai da takarda, takardar kuma sai an ci lissafi. Ta shiga ajin manya, ta zauna jarrabawa, ta faɗi. Zama ɗaya ya rage mata kafin a ba wata gurbin.

Matsalar Yaya, abin da ba ta taɓa da hannunta ba ba ya zama a kanta. Ran nan ta tsare ni a shago.

"Auta, kai da ka leƙa sakandare, mainos uku sau mainos huɗu nawa ne?"

"Sha biyu, fulos."

"Don me?"

"Haka aka ce."

"Wa ya ce?"

"Manya."

"Tashi ka ba ni wuri! Babu ta auri babu su haifi akwai?"

Mijinta direban bas ne, mutumin kirki, sai dai ya fi kowa gaggawa a duniya. In zai tuɓe riga, ta kai yake fizge ta, ta juye baibai, ya yar a kujera. Shekara da shekaru suna faɗa a kan haka. Wata safiya ya makara, ya suri rigar jiya a yadda take ya zura, ya yi waje, ɗinki duk a fili. Da yamma ya dawo, ni ina tsakar gida ina jiran a sauke tukunya.

Yaya ta riƙe baki. "Baban yara, haka ka yini? Mijin tela guda! Ka kashe min kasuwa."

"Fasinja ba riga suke hawa ba," in ji shi. Ya fizge ta ta kai kamar kullum, ya jefar.

Rigar ta faɗo daidai, fuska a waje.

Yaya ta yi tsaye da ludayi a hannu. Ta ɗauki rigar ta juya. "Mainos ɗaya, baibai." Ta sake juyawa. "Mainos biyu, ta dawo daidai. Auta! Ashe mainos ba babu ba ce, juyi ne!"

"To fulos fa?"

"Fulos ba ya taɓa riga, yadda ya same ta haka yake barin ta. Lambobin ka buga su daban, sannan ka ƙirga juyi."

Na ce bari in ƙure ta. "Mainos biyu sau mainos uku sau mainos biyar."

Ta juya rigar sau uku. "Talatin, baibai. Mainos talatin."

Mijin ya ce, "Don Allah in an gama karatun a ba ni kayana."

Ranar jarrabawa da hankici ta shiga, tana ta juya shi a cinya. Mai tsaron aji ya zo ya karɓa, ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga shi a haske, bai ga ko ɗigon biro ba. Ya miƙo mata yana cewa, "Mama, zufa ce?" Ta ce, "Ita ce, ɗana."

Sakamako ya fito, ta haye. Ba da rata mai yawa ba, amma ta haye. Yanzu mata cike da aji suna ce mata Malama, har ta sayi tabarau. Shagon kuma ta danƙa min mabuɗinsa, wai in fara da sa maɓalli, in na yi wata ban gudu ba za ta bar ni in hau keke.