Ƙashin Da Baba Ilu Ya Haƙo

Wata rana wani dattijo maginin rijiya, Baba Ilu, yana cikin haƙa a wani ƙauye na bakin hamada, sai digarsa ta daki wani abu mai tauri.

Ya share ƙasa. Ƙashi ne, tsawonsa ya kusa kai shi kafaɗa.

Kafin la'asar hoton ƙashin ya zagaye wayoyi. Wani shafi ya ce ƙafar wani basamude ce. Wani ya ce dabba mafi girma da aka taɓa gani a duniya. Wani ma cewa ya yi Turawa ne suka gano shi, alhali ko Bature ɗaya bai taka garin ba.

A birni kuwa akwai Barira, sabuwar 'yar jarida a wani ƙaramin gidan rediyo. Watanta biyu, ko tabbatar da ita a aikin ba a yi ba. Shugabanta ya miƙo mata takarda ya ce ta karanta labarin basamuden, domin kowa ya riga gidan rediyonsu.

Ta duba takardar, babu sunan wanda ya ga ƙashin da idonsa. Ta roƙi kwana ɗaya. Da ƙyar ya ba ta.

Ta hau motar kasuwa ta je ƙauyen. Ta tarar mutane har sun fara ɓantarar ƙashin, wai magani ne. Wata malamar jami'a, Dakta Suwaiba, ta tare bakin ramin tana ta ba su haƙuri.

Barira ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙashin mene ne wannan?"

"Ban sani ba tukuna."

"To ni me zan gaya wa masu sauraro?"

"Abin da na gaya miki. Sai dai ki ƙara da cewa don Allah a daina fasa shi."

Da ta koma, haka ta karanta a rediyo, ba ragi ba ƙari.

Abokan aiki suka yi ta mata dariya, har suka laƙaba mata "Hajiya Tukuna". Shugabanta ya yi mako bai amsa gaisuwarta ba. Amma a ƙauyen an ji, mai gari ya sa aka kewaye ramin da ƙaya.

Bayan wata huɗu wayarta ta yi ƙara. Dakta Suwaiba ce, tana dariya.

Ƙashin cinyar dainaso ne, irin manyan dabbobin nan masu dogon wuya da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. Ba ita ce dabba mafi girma a duniya ba. Amma da aka ci gaba da tono, an samu ƙasusuwan baya goma sha ɗaya lafiya lau. Kuma Barira aka fara kira, don ita kaɗai ce ba ta sa wa malamar magana a baki ba.

Ranar da ta karanta sabon labarin, Baba Ilu na zaune a ɗakin watsa shirye-shirye da sabuwar rigarsa, sai gyara hula yake kamar za a gan shi. A ƙauye mata suka yi ta guɗa.

A makon aka tabbatar da ita a aiki.

Darasi: "Ban sani ba tukuna" ba abin kunya ba ne. Kafin ka yaɗa labari, ka tambayi wanda ya gani.

Tura wa ɗan'uwan nan naka da ke cika muku zauren hira na waya da labaran "yanzu-yanzu".