'Yata da Ƙanƙarar Teku

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta gama jami'a ta same ni a shagona na atamfa da turare a layin 116 a unguwar Harlem, nan ƙasar waje, ta ce ta samu aiki. Wai za ta riƙa bin jirgin ruwa zuwa can ƙuryar arewacin duniya, tana auna ƙanƙarar da ke kan teku. Na ce Allah ya sa albarka. A raina kuwa na ce yarinyar nan ta raina mini wayo.

Shekarar farko na zuba ido. Ta tafi ana zafi, ta dawo sanyi ya fara shigowa, leɓe duk ya tsage. Da shekara ta zagayo ta sake jawo jaka, sai na tare ƙofa.

"Ke, ba bara kika auno ta ba? Girma take yi kamar jariri?"

Da Turanci ta fara, na harare ta, ta koma Hausarta ta 'yan haihuwar nan. Wai ta bara daban, ta bana daban. Wata shekara iska ce ke kora ƙanƙarar ta watse, wata shekara ruwan ɗumi ne ke shigowa ta ƙarƙashi yana cin ta. Inda ta narke kuma, baƙin ruwan ya fi shan zafin rana, sai ta kusa da shi ma ta bi sahu. Bayani tsaf, ko gargada babu. Wannan tsaf ɗin ne ya ƙara tayar mini da hankali, don ya yi kama da maganar da aka shirya.

Ni dai na ƙudura namiji ne. Kuma ba namijin ne ya dame ni ba, ɓoyewar ce. Yarinyar da na goya ina talla a bakin titin Canal Street, a ɗaura mata aure a wata uwa duniya in ji a bakin mutane? Tsoro nake ji ƙwarai kada ta kuɓuce mini.

Na shiga bincike. In ta dawo sai in shinshina kayanta, ba turaren kowa sai warin man inji. Na sa ƙanena, mai tuƙa tasi a unguwar Jamaica ta garin nan, ya kai ta filin jirgin sama ya buɗe ido da kyau.

"Yaya, wallahi wata tsohuwar Baturiya ce kawai ta tare ta, da akwatunan ƙarfe," in ji shi.

"Kai dama ba ka ganin komai sai fitilar hanya."

A tafiyarta ta bana, ina shago bayan la'asar ta kira ni ta bidiyo daga saman jirgin. Ta juya wayar wai in ga teku. Ni ba teku nake kallo ba, gefe nake leƙe ko zan hango kafaɗar wani, ina kasa kunne ko zan ji tarin namiji. Ba kowa sai iska.

"Inna, kin ga nan? Bara a nan muka sauka muka taka da ƙafa. Har sallah na yi a kan ƙanƙarar. Bana dubi."

Baƙin ruwa ne har iyakar gani. Ta juyo da wayar kan fuskarta, idonta ya cika, muryarta na rawa. Na san wannan murya sarai. Da ita mace ke ba da labarin wanda take so in yana kwance ba lafiya.

"Inna, bana ba zan dawo da wuri ba. Zan tsaya in ga yadda za ta sake daskarewa. In shugabannin aikin sun yarda, nan arewa zan zauna gaba ɗaya."

Na ajiye wayar. Ashe zargina bai faɗi ƙasa ba, an ɗauke mini ita ɗin. Da namiji ne, da na san abin yi: a binciko asalinsa, a zauna da magabatansa, in kafe sai sun kama gida kusa da ni. Ita ƙanƙara kuwa ba uwa ba uba, ba gidan da zan aika a yi magana.

Wata mata ta leƙo tana tambayar leshi. Na ce mata mun tashi.